Makarantun Sakandare A Yelwa Da Kewayen Jalingo: Farashi Ɗaya, Kaya Daban-Daban

JALINGO — Tun daga shekarar 2023, lokacin da Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar ilmi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnatin Jihar Taraba, kuɗin makaranta ya daina zama abin da uba zai duba wajen zaɓar wa ɗansa makaranta. To, sai dai 'yan kasuwa sun san cewa idan farashi ya zo ɗaya, ingancin kaya ake dubawa. A nan ne makarantun cikin garin Jalingo da na karkara, irin na yankin Yelwa da ƙananan hukumomin Ardo Kola da Lau da Yorro, suka sha bamban.

Makarantun gwamnati a wannan yanki kashi uku ne. Kashi na farko na Gwamnatin Tarayya ne, wato Kwalejin 'Yan Mata da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Jalingo, da kuma Kwalejin Tarayya ta Wukari. Daga Abuja ake biyan malamansu, kuma sai da jarrabawar shiga ake ɗaukar ɗalibi. Kashi na biyu su ne tsofaffin makarantun jiha na cikin gari, irin su Kwalejin Gwamnati ta Jalingo. Kashi na uku kuwa makarantun jeka-ka-dawo ne na unguwanni da ƙauyuka, kuma su ne suke ɗauke da yawancin 'ya'yan manoma da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. Dukkansu manhaja ɗaya suke bi, jarrabawar WAEC da NECO ɗaya suke zaunawa, amma abin da ake zuba musu ba ɗaya ba ne.

Asalin bambancin yana cikin yadda ake raba kuɗi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Wannan tallafi ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare. Shekaru uku na babbar sakandare, inda ake buƙatar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ƙwararrun malamai, sun rataya a wuyan kasafin jiha. Ga shi kuma jihar tana da ƙananan hukumomi 16, kuma sai a 1991 aka cire ta daga tsohuwar Jihar Gongola.

Ma'auni na farko da ya kamata uba ya yi amfani da shi shi ne malamai. Gini da fenti ba sa koyar da lissafi. Malami ma'aikaci ne da yake lissafin albashinsa kamar kowa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin babur zuwa ƙauye ya ƙara cinye albashin. Saboda haka malamin Turanci ko lissafi ko fiziks yakan nemi a bar shi a cikin gari. Makarantar karkara takan dogara ga masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda wa'adinsu shekara ɗaya ne tak. Tambayar da ta dace a yi wa shugaban makaranta ita ce: malamai nawa ne na dindindin suke koyar da Turanci da lissafi, kuma shekara nawa suka yi a nan?

Ma'auni na biyu shi ne yawan ɗalibai a aji. Tsarin ilmi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Tarihi ya nuna abin da kan biyo bayan soke kuɗin makaranta: a 1976, da aka fara shirin UPE, yaran da suka zo sun zarce ƙiyasin gwamnati, aka rasa azuzuwa da malamai. Ajin da ya ninka ƙa'ida, malaminsa ba zai iya duba aikin gida ba, komai ƙwazonsa.

Ma'auni na uku, wato sakamakon jarrabawa, shi ne ya fi ruɗi. Ƙa'idar shiga jami'a ita ce kiredit biyar, ciki har da Turanci. A ƙaddara makaranta ta ɗauki ɗalibai 200 a aji ɗaya na babbar sakandare, 80 suka kai ga zauna jarrabawa, 60 suka ci. Za ta ce kashi 75 cikin 100 sun yi nasara, alhali idan aka auna da waɗanda suka shigo tun farko, kashi 30 ne kacal. Wata makarantar da ta riƙe ɗalibanta har ƙarshe tana iya fitowa da kaso ƙarami a takarda, amma ta fi ta aiki. Bugu da ƙari, akwai cibiyoyin da ake sayen sakamako da kuɗi, kuma asirinsu kan tonu a jarrabawar JAMB, wadda ake yi ta kwamfuta.

Har ila yau, ilmin kyauta yana da tsadar da ba a rubuta ta a rasit. Uban da ke Yelwa, idan ya zaɓi makarantar cikin gari, zai biya kuɗin abin hawa kullum har zango uku a shekara. Idan ya zaɓi ta kusa da gida, ya tsira da kuɗinsa, amma mai yiwuwa yaron ya gama bai taɓa riƙe kayan gwaji ba. Ga kuma aikin gona da yaron zai bari da damina, wanda shi ma asara ce a lissafin gida.

Wannan batu ya shafi aljihun 'yan kasuwa kai tsaye. Daga waɗannan makarantu ne ake samun yaron shago mai riƙe littafin bashi, da mai kula da na'urar cirar kuɗi, da mai sayar da maganin feshi wanda dole ya iya karanta ƙa'idar awo. Dillalin doya ko shinkafa da ya ɗauki mai takardar da ba ya iya lissafi, shi zai biya kuɗin kuskuren. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, da Kwalejin Ilmi ta Zing, su ma daga nan suke ɗiban ɗalibansu.

Gyaran da ya fi araha guda biyu ne. Na ɗaya, alawus na musamman da gidan zama ga malamin da ya yarda ya zauna a karkara. Na biyu, Ma'aikatar Ilmi ta riƙa buga alƙaluman kowace makaranta duk shekara: waɗanda suka shiga, waɗanda suka zauna jarrabawa, waɗanda suka ci, da adadin malamai. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na iyaye da malamai suna da bakin da za su nemi hakan. Muddin ba a buga waɗannan alƙaluma ba, iyaye za su ci gaba da zaɓar makaranta bisa ji-ta-ji-ta, kuma babu ɗan kasuwar da yake sayen buhu bai zura hannu ya ga ƙwayar da ke ciki ba.