Kafin ka sa sifana a jikin baburinka: abin da ke gaskiya da abin da ke ƙarya

Daga Kankiya zuwa Kafin Soli da Rimaye, daga Kusada zuwa Gidan Mutum Ɗaya, babur ne ke ɗauke da rabin hidimar gida. Shi ke kai taki gona, shi ke dawo da buhun gero, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, riƙe shi ya ƙara nauyi, mutane da dama kuma suka koma yin ƙananan gyare-gyare da kansu a ƙofar gida. Wannan abu ne mai kyau. Damuwata ita ce shawarwarin da ke yawo a majalisu da bakin gareji da WhatsApp, domin wasu gaskiya ne, wasu tsohuwar gaskiya ce da zamaninta ya wuce, wasu kuwa injin mutum suke ci, ko ransa.

Mu fara da baƙin mai. Ana cewa da zarar ya yi baƙi to ya mutu, wanda kuma ya daɗe yana ja shi ne nagari. Ba haka ba ne. Mai na kirki yana da sinadarin da ke wanke dauɗar ƙonewa ya riƙe ta a jikinsa, saboda haka dole ya yi duhu. Kala ba ta nuna lokacin juye, tafiyar da aka yi ce ke nunawa. Littafin da ke zuwa da sabon babur ya faɗi yawan kilomitar, kuma mai aikin ƙura da lodi ya kamata ya yi juye kafin ta cika. Wanda mitarsa ta daina aiki sai ya tsayar wa kansa rana ya rubuta. Masu cewa ciko ya wadatar su ma sun kauce. Yawancin ƙananan injinan nan, irin na Boxer da takwarorinsa, abin da suke sha bai wuce lita guda ko kusa da haka ba, kuma 'yar raga ce ke tace musu mai, ba matata irin ta mota ba. Ƙurar ƙarfe da ta taru tana nan tana zagayawa sai an kwance noti an zubar.

Akwai magana ɗaya da mutane ke ɗauka dabarar masu shago ce, alhali gaskiya ce: man mota da na babur ba ɗaya ba ne. A mota, inji da giya da kuloci kowa da ɗakinsa. A babur kuwa mai ɗaya ne ke yi wa su ukun aiki, faifan kuloci a cikinsa yake jiƙe. Wasu mayukan mota na zamani an ƙara musu santsi don rage shan fetur, wannan santsin kuma shi ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa, ka ja wuta inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba. Shi ya sa Japan ta fito da ma'aunin JASO a 1998. Duba jikin galan: in ka ga 4T da JASO MA, da kaurin da littafinka ya ce, galibi 20W-50 a ƙasa mai zafi irin tamu, to ka samu. Man da ake aunawa a kwalba ba suna ba hatimi, ba ka da hanyar sanin ko juyen wata mota ne aka tace.

Zuba ɗan baƙin mai a tankin fetur fa? Dattawan da ke ba da wannan shawara ba ƙarya suka ƙirƙira ba. A zamanin Vespa da Suzuki mai hayaƙi da Jincheng AX100, injin mai bugu biyu ne, ba shi da tafkin mai a ƙasa, dole mai ya bi fetur ya shafe fistin. Baburan da suka cika hanya yau masu bugu huɗu ne. Ka zuba musu, abin da za ka samu hayaƙi ne da fulogi mai toshewa da baƙin gawayi a kan bawul. Ƙwayar kafur da ake cewa a jefa a tanki don fetur ya yi auki ita ma ba ta ƙara ko kilomita ɗaya, abin da bai narke ba kuma kafireto yake zuwa ya toshe.

A kafireton ne aka fi yin ɓarna tun da mai ya yi tsada. Mutum ya je ya ce wa bakanike, "Malam, matse min shi, yana sha da yawa." Akwai ƙanshin gaskiya a nan: babur da ke fitar da baƙin hayaƙi, fuloginsa ya yi baƙi ƙirin, lallai mai ya yi masa yawa, saiti zai rage asara. Amma in aka wuce gona da iri, iska ta rinjayi fetur, wutar cikin inji tana ƙara zafi. Injinan nan ba su da lagireto, iskar hanya ce kawai ke sanyaya su. A watan Afrilu, da mutum biyu da buhu a baya, matsattsen kafireto bawul yake ƙonawa, wani lokaci har ya huda fistin. Kuɗin ringi da fistin da aikin bakanike ya ninka abin da aka yi tsiminsa. Fulogi ne shaidarka: kwance shi bayan tafiya mai ɗan nisa, in bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa saiti ya yi daidai, in ya yi fari fat to an matse da yawa.

Cire soson da ke tace iska don inji "ya sha iska" ya fi wannan muni. Duk wanda ya bi hanyar burji tsakanin ƙauyukan Kusada a tsakiyar hunturu ya san abin da ke sauka a gashin idonsa. Wannan ƙurar ce za ta shiga inji ta haɗu da mai ta riƙa cin bangon silinda kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya wajen wanki. In soso ne, a wanke shi da kananzir, a matse, a bari ya bushe, a ɗiga masa ɗan mai sabo. In na takarda ne, kaɗewa ake yi ko a canza, ruwa ba ya taɓa shi. Huda salansa ma ƙara kawai take kawowa, tare da ɓata saitin kafireto.

Abin da ke rage shan mai da gaske ba shi da ban mamaki: iskar taya daidai, matatar iska mai tsabta, fulogi mai kyau, saitin bawul a kan lokaci, da sarƙar da ba ta bushe ba. Sarƙa tana son sakin da ya kai santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Ɗaure ta tamau yana kashe boris. Kada a cire murfinta don ado. In ta ƙare a canza ta tare da faifan haƙorinta na gaba da na baya, domin tsohon haƙori sabuwar sarƙa yake ci. Masu cewa babban faifan baya yana ƙara ƙarfin jan kaya sun yi gaskiya, sai dai gudu zai ragu. Batir mai ruwa kuma tataccen ruwa ake ƙara masa, ba asid ba.

Zargin gurɓataccen fetur ba duka ne shaci-faɗi ba. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da man da sinadarin methanol ya yi wa yawa daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Na 'yan bumburutu kuma, ko da mai shi mutumin kirki ne, jarka da mazurari na iya kawo ruwa da tsatsa. In babur ya fara shaƙewa bayan shan mai, akwai ɗan sukuru a ƙasan kafireto, a kwance a zubar da abin da ya kwanta kafin a tafi neman babban gyara. Gaskiya ne kuma cewa canza inji ko sayen na hannu ba takarda yana jawo fitina. A jihar Katsina, inda gwamnatin Aminu Bello Masari ta taɓa hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanci, cikin dokar tsaro ta ƙarshen Agustan 2021, lambar inji da ta jiki ba abin wasa ba ne. A karɓi rasit, a ajiye.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce maganar birkin gaba. Yara suna koyon babur da gargaɗin cewa kada su taɓa shi, yana kifar da mutum. Har za ka ga wayarsa ta tsinke an naɗe ta a jikin kan babur, wata da watanni ba a gyara ba. Wannan ƙarya ce mai kisa. Lokacin da ka taka birki nauyin babur da naka gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sauƙi. Saboda haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a gaba yake. Mai birkin baya kaɗai, in akuya ta faɗo masa ko tirela ta tsaya a gabansa a titin Kano zuwa Katsina, tayarsa ja za ta yi a ƙasa, baya ya karkace, babur ya ci gaba da tafiya.

Inda maganar ta samo asali shi ne damƙa. Wanda ya cafki hannun birki gaba ɗaya a cikin yashi ko a tsakiyar kwana, tayar gaba za ta zame ya faɗi. Maganin wannan koyo ne: a kama biyun tare, a fara a hankali sannan a ƙara matsi, a cikin rairayi kuma a fi dogara da na baya da rage gudu tun da wuri. Gyaransa yana cikin mafi sauƙin abin da za a yi a gida. A sa sabuwar waya, a ɗiga mata mai, a juya notin saiti har hannun ya riƙa kamawa bayan ɗan wasa kaɗan. In an ƙure notin bai kama ba, takalman da ke cikin gangar taya sun cinye, a canza su, kuma kada mai ko giris ya taɓa su. Bayan an gama a ɗaga tayar a juya ta a tabbatar ba ta riƙewa, sannan a nemi fili mai tauri inda ba mutane, a gwada tsayawa a ƙaramin gudu har hannu ya saba.