Amurka: Abin lura kafin zaɓar mai riƙon kuɗin musayar kadara

Sashe na 1031 na dokar harajin Amurka ya bai wa wanda ya sayar da gidan haya ko filin kasuwanci damar jinkirta harajin riba, muddin ya sayi makamancinsa cikin kwanaki 180.

Sai dai kuɗin ba za su shiga hannunsa ba, wani amintacce ne zai riƙe su. Doka ta haramta wannan aiki ga dangi na kusa, da lauya ko akantan da ya yi masa aiki cikin shekaru biyu da suka gabata.

Gwamnatin tarayya ba ta bai wa masu riƙon lasisi, don haka wajibi ne a tabbatar suna da inshora da keɓaɓɓen asusun ajiya. A 2008, durƙushewar kamfanin LandAmerica ta sa kuɗin jama'a da dama sun maƙale.