Abin da Ke Kayar da Samari a Gaban Tsofaffin 'Yan Dambe

Da zarar an kammala aikin kaka, kalangu kan tashi a garuruwan ƙasar Katsina, samari masu tashe su fito neman suna. Hanya mafi sauri kuwa ita ce a buge wani tsohon gwani. A nan da yawansu suke haɗuwa da abin kunya, wani har da karyewar haƙora.

Dalili yana cikin ƙa'idar wasan. Turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Saurayi kan zubar da ƙarfinsa a turmin farko, kirari da kiɗa na ingiza shi. Shi kuwa tsohon hannu sai ya tsaya bayan garkuwarsa, yana auna tazara, yana lura da ƙafar yaron, har ya ga ƙofa. Naushi ɗaya ya wadatar.

Haka abin yake a damben zamani. A birnin Kinshasa cikin 1974, Muhammad Ali mai shekara 32 ya jingina da igiya, ya bar George Foreman mai shekara 25 ya gajiyar da kansa, sa'an nan ya kwantar da shi a turmi na 8. Foreman ya ɗauki darasin. A 1994, yana da shekara 45, Michael Moorer mai shekara 26 ya yi ta rinjayarsa har turmi na 10, inda hannun dama ɗaya ya gama zance.

Lalle yaro bai san wuta ba sai ya taka.