Kowane Gari Da Irin Iskarsa: Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

'Yar'uwa mai juna biyu, duk sanda kika zo awo mukan yi miki maganar abinci da maganin ƙarin jini da gidan sauro. Yau maganar iska za mu yi. Ɗan da ke cikinki ba ya numfashi da kansa. Daga jininki yake samun iskar da yake rayuwa da ita, ta mabiyiya da cibiya. Bincike ya nuna cewa yawan shaƙar hayaƙi da ƙura na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, ko jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba.

Abin da ya fi yin illa shi ne ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda masana ke kira PM2.5. Ya fi silin gashi siranta kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace shi, sai ya wuce can cikin huhu, wani ma har cikin jini. Amma inda yake fitowa ya bambanta daga yanki zuwa yanki.

A Arewa, ƙura ce a gaba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can ƙarƙashin ruwan tsohon Tafkin Chadi yake. Maiduguri da Kano da Katsina da Damagaram sun fi garuruwan bakin teku shan wannan hazo, domin sun fi kusa da tushensa, kuma daminarsu gajeriya ce. Ruwan sama shi ke wanke iska. Inda ya yi ƙaranci, ƙura takan daɗe tana yawo.

A manyan birane kamar Legas da Kano, hayaƙin motoci da Keke Napep da janareta da ƙona bola su ne kan gaba. A Fatakwal kuwa, a ƙarshen shekarar 2016 mutane suka fara wayar gari da baƙin ƙunƙunniya a kan tufafi da tagogi, abin da aka danganta shi da tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar ce kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa Anacha da Kaduna da Aba da Umuahiya cikin biranen da iskarsu ta fi gurɓata a duniya. Ko a gari ɗaya ma akwai bambanci: gidan da ke bakin titi, ko kusa da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai, ba ɗaya yake da na cikin unguwa ba.

To ƙauye fa? Sararinsa ya fi na birni tsabta, amma matsalar tana madafa. Matar da ke girki da ɗanyen itace ko kara ko kashin shanu a ɗakin da ba taga, tana iya shaƙar hayaƙin da ya fi na babban titi. Wannan ita ce gurɓatar da ta fi kusa da ke, kuma ita ce kika fi iya magancewa.

Ga abin da za ki yi:

Ki yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, da busasshen itace. Idan da hali a koma gas. Kada ki goya yaro kina hura wuta.

Ranar da hazo ya sauko, ki rage fita, ki rufe tagogi, ki sa takunkumi idan fitar ta zama dole. Ki yayyafa ruwa kafin shara.

Ki rage turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa a rufaffen ɗaki. Gidan sauro ya fi.

Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki, ko da sanyi ya tsananta, ko a ɗakin mai jego. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kisa cikin barci.

Maigida, kai ma da naka aikin. Janareta a waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, ba a zaure ko lungun ɗaki ba. Sigari da shisha kuma ba a kusa da mai ciki ko jariri ba. Iyayenmu mata da ke kula da masu jego, ku taimaka mana a kan wannan.

Idan kina da asma, kada ki daina shaƙa maganinki don kina da ciki; ki zo da shi awo mu duba. Ki garzayo asibiti idan numfashi ya yi miki wuya, ko tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kika ji motsin ɗa ya ragu. Idan kuma mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fito da kowa sarari, a kashe wuta ko janareta, a kawo su asibiti nan take.