Numfashin dodo: Yadda ƙwayar lido ke yanke hukuncin rai da mutuwa a wasan labari

Da la'asar sakaliya a garin Diffa, idan rana ta sassauta, fada kan fara cika. A shimfiɗa tabarma, a ɗora butar shayi a kan gawayi, wasu su raba karta su hau belot, wasu su jera dara, wasu kuma su buɗe allon lido. A lido ƙwaya ɗaya ake kaɗawa, mai fuska shida, kuma kowa addu'ar samun shida yake yi.

Irin wannan ƙwayar ce ke ɗauke da wani nauyi na daban a wasan Dungeons & Dragons, wanda ya samo asali daga Amurka. A can takan yanke hukuncin ko jarumin da ɗan wasa ya shafe watanni yana rainonsa zai kai ga zama na gaba, ko kuwa zai zama toka. Tambayar da masu tsara wasan suka kwashe shekara 50 suna sauya amsarta ita ce: idan dodo ya buɗe baki ya fesa wuta, ɓarna nawa ya kamata ya yi?

Wane irin wasa ne?

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a shekarar 1974, ta hannun kamfanin TSR da ke jihar Wisconsin. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997. Waɗanda suka kalli shirin Stranger Things na Netflix sun ga yaran cikinsa suna buga shi.

Wasan ya yi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke ba da labari, shi ke magana da bakin sarki da ɗan kasuwa da dodo. Sauran mutum uku zuwa biyar kowa na riƙe da jarumi ɗaya, wani mayaƙi, wani maharbi, wani mai sihiri. Ba a zuba kuɗi, kuma 'yan wasan ba sa hamayya da juna, tare suke cin nasara ko su faɗi.

Kowane jarumi yana da abin da za a iya kira makin rai, a rubuce a takarda. Duk raunin da ya samu sai a rage. Idan makin ya kai sifiri ya faɗi sumamme, abokansa na iya ceto shi. Amma idan bugun ya yi yawan da ragowarsa ta kai cikakken makinsa, ya mutu nan take.

Babban abin tsoro a wasan shi ne dodon da littattafan ke kira dragon, ƙaton ƙadangare mai fukafukai. Cizonsa da yagunsa mutum ɗaya suke samu. Numfashinsa kuwa yana bazuwa ne kamar bakin mazurari, ya haɗa da duk wanda ke gabansa a lokaci ɗaya. Shi ya sa kuskuren lissafi a nan ya fi na ko'ina tsada.

Tsohuwar doka ba ta da tausayi

A littafin dodanni na 1977 ba a kaɗa ƙwaya don sanin ɓarnar numfashi. Yawan makin ran dodon shi ne yawan ɓarnar da zai yi, kuma sau uku kawai yake iya fesawa a rana. Bugun 'yan koyo na 1981, wanda Tom Moldvay ya tace, ya fayyace cewa makin da ya rage wa dodon a lokacin fesawar ake dubawa.

Jan dodo a wannan bugun kan zo da maki kusan 45, alhali sabon mayaƙi bai cika wuce takwas ba. Ko wanda ya yi sa'ar kaucewa ya sha rabin wutar, maki 22 sun ishe shi. Dokar ta koya wa 'yan wasa darasi ɗaya: kada ka tsaya gaban dodo mai lafiya. Ka same shi yana barci, ka raunata shi tukuna, domin duk sarar da ka yi masa tana rage zafin wutarsa.

Daga bugu na biyu a 1989 aka koma kaɗa ƙwayoyi, ana ƙara yawansu gwargwadon shekarun dodon. A bugu na uku, na shekarar 2000, an kasa rayuwar dodo gida 12. Jan dodo jariri yana kaɗa ƙwaya biyu masu fuska goma, mafi tsufa kuma 24.

Lissafin bugun 2014

Bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, ya rage matakan zuwa huɗu, kuma ga jan dodo ƙwaya mai fuska shida yake amfani da ita, irin ta lido. Matsakaicin abin da irin wannan ƙwaya ke bayarwa uku da rabi ne, don haka lissafin ba shi da wuya.

Jariri yana kaɗa ƙwaya 7, matsakaicin ɓarna 24, wutar na kai wa kusan mita huɗu da rabi. Matashi yana kaɗa 16, ɓarna 56, mita tara. Babba 18, ɓarna 63, mita 18. Tsoho tukuf 26, ɓarna 91, mita 27.

Wanda ya dubi jerin da kyau zai ga wani abu. Tsakanin matashi da babba ƙwaya biyu kacal aka ƙara, amma nisan wutar ya ninka. Haka kuma lambar da ɗan wasa zai cimma kafin ya kauce ta tashi daga 17 zuwa 21. Wannan kaucewar ana neman ta ne da ƙwaya mai fuska 20, a haɗa da makin zafin naman jarumin, kuma wanda ya dace rabin ɓarnar kawai zai sha.

Ke nan abubuwa huɗu ne a hannun jagora: yawan ƙwayoyi, faɗin wurin da numfashin ke mamayewa, wahalar kaucewa, da kuma yawan maimaitawa. Na ƙarshen shi ne aka fi mantawa da shi. Bayan dodo ya fesa, a farkon kowane zagayensa jagora zai kaɗa ƙwaya ɗaya. Idan biyar ko shida ta fito, numfashin ya dawo. Damar ɗaya ce cikin uku, wato akwai ranar da dodo zai fesa sau biyu a jere kafin kowa ya farfaɗo.

Littafin jagora na 2014 ya ba da hanyar auna wannan. A ɗauki zagaye uku na farko na faɗan, a ƙaddara cewa dodo zai fesa sau ɗaya kuma zai samu mutum biyu. Misalin da ya kawo na farin dodo matashi ne: numfashinsa 45, a kan mutum biyu ya zama 90, sai cizo da yagu na 37 a zagaye biyun da suka rage. A haɗa a raba uku, a samu 54. Wannan adadin ne ke nuna matakin jaruman da za su iya tunkararsa.

Me ya sa ƙwayoyi da yawa?

Ɗan lido ya san ƙwaya ɗaya ba ta da amana, ɗaya da shida duk damarsu daidai ce. Idan ƙwayoyi suka yi yawa labarin ya sauya, domin manya da ƙanana suna cike giɓin juna, jimillar kan faɗo kusa da tsakiya. Ƙwaya 7 na iya ba da 42, amma sai dukkansu sun nuna shida, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin 279,936.

Wannan ne ke ba jagora damar yin shiri. Idan ya san matsakaici, ya san abin da zai faru a mafi yawan lokuta. Abin da ya rage shi ne ya ajiye adadin kusa da makin jarumi mafi rauni a zaman, ya ga abin da zai saura.

Dodon bakin Komadugu

Ba dole ba ne dodon ya kasance na Turawa. Yankin Diffa yana da nasa kayan labari. Kanuri na ba da tarihin mutanen So, ƙattin da aka ce sun zauna a kewayen tafkin Chadi kafin daular Borno ta mamaye yankin. Tatsuniyoyin Hausa cike suke da dodon da ke tare hanya ko bakin kogi. A Daura akwai labarin macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sare shi.

A ɗauka jagora ya ƙirƙiro dodon da ya tare mashigar kogin Komadugu Yobe, ya hana manoman tattasai kai buhunansu kasuwa, kuma maimakon wuta hayaƙin barkono yake fesawa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin girki lokacin da barkono ya faɗa garwashi ba ya buƙatar ƙarin bayani.

A ce jarumai huɗu ne a mataki na uku. Mayaƙinsu na da maki 31, mai sihirinsu 20. Idan jagora ya ɗauko lissafin matashin jan dodo yadda yake, ƙwaya 16, mai sihirin ya gama yawo. Matsakaicin 56 ya wuce 40 ɗin da ke kashe shi nan take, ko da ya kauce ma 28 za su kwantar da shi. Idan kuma ya ba dodon ƙwaya biyu, ɓarna bakwai ke nan, sai a yi dariya a ci gaba da shan shayi.

Ƙwaya biyar ta fi dacewa. Matsakaicinta 17 ko 18 ne, mafi yawanta 30. Mai sihirin da bai kauce ba yana da damar faɗuwa kusan uku cikin goma, mayaƙin kuma zai rasa fiye da rabin makinsa amma yana tsaye. Babu wanda zai mutu nan take muddin ya shiga faɗan da cikakkiyar lafiya. Kowa ya ji a jikinsa, kuma kowa ya san akwai yiwuwar fesawa ta biyu.

Daga nan ake ganin dabarar 'yan wasa. Su watse don kada hayaƙi ya haɗa su, ko su taru su gama da dodon kafin numfashinsa ya dawo? Mayaƙi ya ci gaba da sara, ko ya ja abokinsa da ya faɗi zuwa bayan kwalekwale? Idan jaruman suka girma bayan wasu makonni, jagora ba sai ya yi ta tara ƙwayoyi ba. Zai iya faɗaɗa hayaƙin, ko ya sa wanda ya shaƙa ya kasa gani na zagaye ɗaya.

Akwai kuma haƙƙin gargaɗi. Jagoran kirki kan nuna alama tun kafin a yi ido biyu da dodo, kamar masunta masu jajayen idanu suna tari a bakin ruwa, ko awaki kwance a gona. Wanda ya ga wannan ya kutsa kai ba shiri, ya ɗebo da zafi, bakinsa. Wanda aka halaka ba tare da wata alama ba kuwa, zai ga an zalunce shi, kuma da wuya ya dawo zama na gaba.

Abin da ake buƙata

Tun bayan hare-haren Boko Haram a Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, jihar ta shiga dokar ta-ɓaci, matasa kuma sun ɗanɗana dokar hana fita da dare da ta hana hawa babur. A irin wannan yanayi, nishaɗin da ba ya buƙatar lantarki ko kuɗin intanet yana da daraja. Wasan labari takarda yake so, da fensir, da ƙwayoyi. Wanda ke da ƙwayar lido ɗaya zai iya kaɗa ta sau biyar ya haɗa jimilla, sannan akwai manhajojin waya da ke maye gurbin mai fuska 20.

Dokokin ma ba sai an saya ba. A Janairun 2023 Wizards of the Coast ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, abin da ya ba kowa damar fassarawa ko gina nasa wasan a kai, matuƙar ya ambaci tushe. An kuma fitar da shi da Faransanci. Ɗora wasan a kan labaran Afirka ma an riga an fara, domin tun 2002 kamfanin Atlas Games ya buga littafin Nyambe, wanda ya gina duniyarsa a kan al'adu da almarar nahiyar.

Ga waɗanda ke zaune a Yamai, Agadas, Kano ko ƙasashen waje, ana buga wasan ta kiran murya ko na bidiyo, jagora na gida, 'yan wasa a warwatse. Ɗalibin da lissafin yiwuwa ya gagare shi a aji kuma zai tarar da kansa yana yin sa ba tare da an tilasta masa ba, domin ran jaruminsa ne a kan layi.

Aikin jagora dai na farawa ne tun kafin a ɗora shayi. Ya karɓi takardun 'yan wasansa, ya nemo mafi ƙarancin makin rai a cikinsu, ya ninka yawan ƙwayoyin dodonsa da uku da rabi, sannan ya sake ninkawa da shida don ganin mafi munin abin da zai iya faruwa. Idan adadin farko ya kusa kwantar da mai rauni, na biyu kuma bai kai ninki biyu na makinsa ba, dodon ya shirya fitowa daga kogi.