Taswirar Dukiya: Wasan da Ke Mantar da Yara Waya

Uwargida, ƙwace waya daga hannun yaro kuka kawai yake jawowa, sai in kin ba shi abin da ya fi ta daɗi. Ki nemo takarda da biro.

A Amurka akwai wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974: mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya zama jarumi, su suke yanke abin da za a yi. Tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa, kuma tsohuwar taswira na cikin dabarun da ake buɗe ta da su.

Ki zana musu Mubi: kasuwar shanu, kogin Yedzaram, can gabas duwatsun Mandara, sannan alama ɗaya ja. Ki yage gefe guda, ki ce a adakar Kaka aka tsinta. Yagewar nan ita ce gishirin wasan, domin dole su tambaya wa ke riƙe da ragowar. Sai ki ce kogi ya kawo, yaya za su haye? Kada ki ba su amsa. Mai kunyar cikinsu shi za ki damƙa wa taswirar, don sai an saurare shi.

Duk tafiyar a kan tabarma take, ban da zuwa bakin kogi. Dukiyar kuwa dabino ya isa, amma kada ki ɓoye shi kusa da inda kike ajiye magani. Ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki kama take da alawa, kuma tana iya kashe ƙaramin yaro in ya sha da yawa.