Plovdiv: Yadda Birni Ke Hawa Kan Birni

A tsakiyar birnin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya akwai wani masallacin Juma'a da Turkawa suka gina fiye da shekara 500 da suka wuce. Taku kaɗan daga ƙofarsa sai ka ga ƙasa a buɗe, matakala ta gangara, ga kujerun dutse jere sahu-sahu. Kan filin wasa ne na Romawa, na ƙarni na 2 miladiyya. Ragowar filin, mai tsawon mita 240, wanda a da yake ɗaukar 'yan kallo kimanin 30,000, yana nan kwance ƙarƙashin babban titin kasuwar garin, mutane na sayayya da shan kofi a kansa. Ta yaya haka ta faru, kuma me ya sa a nan?

Sai an fara duba yadda ƙasar take. Plovdiv na kudancin Bulgeriya, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas da Sofiya, babban birnin ƙasar. Shi ne na biyu a girma, mazaunansa sun haura 300,000. Kogin Maritsa, wanda ke tasowa daga duwatsun Rila ya bi iyakar Girka da Turkiyya kafin ya faɗa teku, ya ratsa garin. Kewaye da shi fili ne shimfiɗaɗɗe mai ni'ima, duwatsun Rodofi sun tokare shi ta kudu, wasu jerin duwatsun ta arewa. A tsakiyar wannan fili ne tuddai bakwai na dutse suka ɗago kai. Wanda ya san abin da ya ja mutanen farko na Kano zuwa Dala ya fahimci rabin zancen: daga kan tudu kana hango mai zuwa tun daga nesa, ambaliya ba ta iske ka, ga ruwa da gona a gindinka. Ɗaya rabin kuwa hanya ce. Mai tafiya ta ƙasa daga Istanbul zuwa tsakiyar Turai kwarin Maritsa ya fi masa sauƙi, shi ya sa Romawa suka shimfiɗa babbar hanyar sojojinsu ta nan. Wuri irin wannan ba a ƙaurace masa. Ko an ƙone shi, wanda ya ƙone ɗin shi zai zauna.

Haka kuwa aka yi ta yi. Tirasiyawa ne suka yi zamansu a kan tudun Nebet. A shekara ta 342 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Filibus na Makidoniya, mahaifin Iskandari, ya ci garin ya sa masa sunansa, Filibobolis. Romawa suka mayar da yankin lardinsu a shekara ta 46 miladiyya, suka jawo ruwa daga duwatsun Rodofi ta magudanan da aka ɗora kan ginshiƙai, suka gina dandali da filin wasa. Wajajen shekara ta 250 mayaƙan Gotawa suka ragargaza garin. Daga nan ya yi ta sauya hannu tsakanin Rumawan Bizantiya da sarakunan Bulgeriya.

To, ga yadda binnewar ke faruwa. Idan yaƙi ko gobara ko girgizar ƙasa ta rushe unguwa, ba wanda ke da ƙarfin kwashe ɓaraguzan. Sai a zaɓi duwatsu masu kyau a sa a sabon gini, a baje sauran, a yi gini a kai. Ruwan sama kuma yana wanko ƙasa daga tuddai yana cike kwaruruka. Filin wasan a kwari yake tsakanin tuddai biyu, shi ya sa ya nutse gaba ɗaya. Gidan wasan kwaikwayon Romawa da ke jikin tudu ma ya ɓace wa idon mutane ƙarnuka da yawa, sai a shekarun 1970 aka kammala tono shi, daga baya aka mayar da duwatsunsa mazauninsu. Yau dubban mutane na zama a cikinsa kallon wasanni da bazara. Saboda haka a tsakiyar Plovdiv haƙa harsashin gini ba ƙaramin abu ba ne: shebur na iya cin karo da daɓen ƙarni na 4, aiki ya tsaya sai masana tarihi sun gama nasu. Wasu shagunan babban titin sun bar kujerun Romawan a ɗakunansu na ƙasa, mai saye na iya leƙawa.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 14 garin ya shiga hannun Daular Usmaniyya, ta Turkawa ake nufi, ba ta Sakkwato ba. Suka kira shi Filibe, suka riƙe shi kusan shekara 500. A zamaninsu aka yi ta noman shinkafa a fadamun Maritsa, aka gina masallatai da gidajen wanka da masaukan fatake. Har yau tuddan na amsa sunayen Turkanci, kamar Sahat Tepe mai hasumiyar agogo. A ƙarni na 19 attajiran Bulgeriya da Girkawa da Armeniyawa, waɗanda suka yi arziki da fataucin ulu da tufafi, suka gina gidajen da yanzu ake taƙama da su a tsohon gari. Fili ya yi ƙaranci a kan tudu, sai suka riƙa turo benen sama ya leƙo kan titi, a tallafe shi da katako. Gidan Kuyumjiyoglu na 1847, wanda ya zama gidan adana kayan al'adu, shi ne ya fi fice.

Bayan yaƙin Rasha da Turkiyya, taron Balin na 1878 ya raba Bulgeriya, Plovdiv ya zama hedikwatar lardin Rumeliya ta Gabas, mai cin gashin kai amma ƙarƙashin Sarkin Istanbul. Ran 6 ga Satumba 1885 mutanen garin suka tumɓuke gwamna suka haɗe da sauran ƙasar. Ranar hutu ce a Bulgeriya har yanzu, sai dai garin ya sayi haɗin kan da kujerarsa, domin mulki ya tattara a Sofiya.

Ba komai aka tsira da shi ba. Tudun Markovo an fasa shi an shimfiɗa tituna da duwatsunsa, yanzu katafaren kanti ne a gurbinsa, don haka tuddai shida suka rage. Masallatan zamanin Turkawa kaɗan ne suka kai yau, fitattunsu na Juma'a da na Imaret. A watan Fabrairun 2014 ma wasu masu zanga-zangar kishin ƙasa sun jefi na Juma'ar da duwatsu, kan shari'ar mallakar tsofaffin kadarorin Musulmi.

A 2019 Plovdiv ya riƙe kambun birnin al'adu na Turai tare da Matera ta Italiya, unguwar Kapana ta masu sana'ar hannu ta farfaɗo, baƙi suka yi ta kwarara. A ganina garin ya iya tattalin dutsen Romawa fiye da yadda ya iya tattalin wasu rayayyun mutanensa. A gefen gabas akwai Stolipinobo, ɗaya daga manyan unguwannin 'yan ƙabilar Roma (ba Romawan da ba) a yankin Balkan, da yawansu Musulmi masu jin Turkanci, kuma talauci da rashin aikin yi sun fi katutu a can fiye da ko'ina a birnin.